Tambaya da Amsa: Inda Enzayim ɗin Ɓera Ya Saba da na Ɗan Adam a Binciken Ciwon Daji

Wasiƙun da suka taru mana a wannan wata sun karkata wuri guda: maganin da ya narkar da ƙari a jikin ɓera amma ya gaza a jikin mutum, ko wanda ya ƙi aiki a ɓera alhali yana ceton marasa lafiya. Galibin amsoshin suna komawa ga enzayim, wato furotin ɗin da ke gaggauta juyar da wani sinadari zuwa wani a cikin jiki. Duk inda muka ce ɓera, ƙaramin ɓeran ɗakin gwaji muke nufi, Mus musculus. Idan babban ne, Rattus, za mu faɗa.

Assalamu alaikum Malamai. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu. Na dasa ƙwayoyin sankarar hanji na mutum a ƙarƙashin fatar ɓeraye marasa garkuwa, na ba su maganin daji irinotekan, ƙarin ya kusa ɓacewa. Amma mai duba aikina ya ce kada in yi saurin murna. Tunda ƙwayoyin na mutum ne, ina matsalar take?

Wa alaikumus salam, Malama. Gaskiyar malaminki. Ƙarin na mutum ne, amma jinin da ke kai masa maganin, da hantar da ke sarrafa shi, da ƙodar da ke fitar da shi, duk na ɓera ne.

Irinotekan kansa ba shi da wani ƙarfi. Sai enzayim ɗin da ake kira karboksilestares ya yanke masa wani ɓangare, sannan ya koma SN-38, wanda ya fi shi kisan ƙwayoyin daji sau 100 zuwa 1,000. A jikin mutum nau'insa mai suna CES2 ne ya fi yin wannan yankan, CES1 na taimakawa kaɗan, kuma dukansu a cikin ƙwayoyin hanta da hanji suke zaune. Akwai 'yar gajeriyar alama a wutsiyar furotin ɗin da ke ɗaure shi a cikin ƙwayar, ba ta barin ya fita. Shi ya sa ruwan jinin mutum kusan babu karboksilestares a cikinsa, kuma SN-38 da ake samu a jinin majiyyaci bai wuce kashi 2 zuwa 8 cikin ɗari na irinotekan ɗin da ke yawo ba.

Ɓera yana da ƙwayoyin gadon wannan dangin enzayim kusan 20, mutum yana da 5 masu aiki. Ɗaya daga cikin na ɓeran, Ces1c, ba shi da waccan alamar ta wutsiya, don haka hanta tana zubo shi cikin jini da yawa. Da kin yi allurar, tun maganin bai kai ko'ina ba an fara juya shi. Ƙarin da kika dasa ya sha SN-38 fiye da abin da ƙarin majiyyaci zai taɓa gani a awon da jikin mutum zai iya jurewa.

Abin yi shi ne ki auna SN-38 a jinin ɓerayenki a lokuta daban-daban bayan allura, ki lissafa jimillar abin da jiki ya sha, ki kwatanta da wanda aka sani a marasa lafiya, sannan ki rage awon ɓeran har su yi kusa. Idan ƙarin ya ci gaba da janyewa a wannan awon, to kina da labari. A wajen ɗibar jinin ne mutane da yawa ke ɓata aikinsu: enzayim ɗin ba ya daina aiki don an zuba jinin a kwalba. Ki tanadi kwalbar a kan ƙanƙara da maganin hana estares, wato dangin wannan enzayim, a ciki tun kafin ɗiba, sodiyam fuloraid ko BNPP, ki juya a na'urar raba jini a digiri 4, ki zuba metanol mai sanyi a kan ruwan jinin nan take. Jinin da ya yi rabin awa a kan tebur zai nuna miki SN-38 ɗin da a kwalba aka haife shi. Idan kuɗin bincike ya ba da dama, akwai ɓerayen da aka cire wa Ces1c tun 2011, jininsu ya fi kama da na mutum a wannan fanni.

Wani abu da ɓerayenki ba za su taɓa nuna miki ba: UGT1A1, enzayim ɗin hanta da ke kashe kaifin SN-38, ba ɗaya yake a jikin kowa ba. Masu nau'in UGT1A1*28 daga uwa da uba suna yin sa kaɗan, fararen ƙwayoyin jininsu kan faɗi ƙwarai, har hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi a takardar maganin a 2005. Ɓerayen zuriya ɗaya kuwa tamkar tagwaye suke, bambancin mutum da mutum ba ya fitowa a cikinsu.

Muna haɗa antibodi, furotin ɗin da ke nemo ƙwayar daji, da guba ta hanyar mahaɗin balin da sitirulin, amino asid biyu, wato tubalan furotin. A ruwan jinin mutum yana kwana 7 bai kwance ba, a na ɓera kwana ɗaya ya zube. Mu watsar da shi?

Kada ku watsar, Malam. Ces1c ɗin nan ne dai. An tsara wannan mahaɗin ne don katefsin B, wani enzayim na cikin ƙwaya, ya yanke shi bayan ƙwayar daji ta haɗiye antibodin, kuma irinsa ne a burentuksimab bedotin da aka amince da shi a 2011. A 2016 aka tabbatar cewa Ces1c na yanke shi tun a cikin jinin ɓera, musamman idan an maƙala shi a wurin da ke fili a jikin antibodin. Nan ɓeran yana ɓata wa magani mai kyau suna ne: gubar ta zube a hanya, ƙari bai samu ba, dabbar ta galabaita.

Ku maimaita gwajin a digiri 37 da ruwan jinin mutum, na biri, na ɓera, da na ɓera da aka zuba wa maganin hana estares, ku ɗiba a awa 0, 24, 72 da 168. Idan na huɗun ya tsaya daram kamar na mutum, kun kama mai laifin. Daga nan ko ku koma ɓeraye marasa Ces1c, ko ku sauya wurin maƙalawa, ko ku ƙara gulutamik asid a gaban balin ɗin, dabarar da aka nuna a 2018 tana kare mahaɗin ba tare da ta hana katefsin aikinsa ba.

Na karanta cewa digoksin, maganin zuciya, yana kashe sankarar mutum da aka dasa a ɓera ba tare da ya cutar da ɓeran ba. Me ya hana likitoci amfani da shi?

Wannan tambayar muna son ta, domin ta tono tarkon da ya fi kowanne kama mutane. Digoksin da 'yan'uwansa irin su wabayin suna toshe famfon sodiyam da fotasiyam, enzayim ɗin da ke jikin fatar kowace ƙwaya. A nau'in famfon alfa 1 na mutum akwai amino asid gulutamin a gurbi na 111 da asfarajin a na 122. A ɓera arjinin da asfatet ne a waɗannan guraben, kuma wannan canjin na amino asid biyu kacal ya sa famfon ɓera ya fi na mutum jure maganin kusan sau 1,000.

To duba yadda gwajin yake. A jikin dabbar nan, abu ɗaya tak ke ɗauke da famfon mutum, shi ne ƙarin. Ka ba da maganin, ƙarin ya mutu, ɓera na ta harkarsa. Sai a ce maganin yana zaɓar daji ya bar lafiyayyun ƙwayoyi, alhali mutum yake zaɓa ya bar ɓera. Da lafiyayyar fatar mutum aka dasa, ita ma da ta ji jiki. A majiyyaci ana riƙe digoksin tsakanin nanogiram 0.5 zuwa 2 a kowace mililita ta jini, abin da bai kai nanomola 3 ba, sama da haka bugun zuciya ya rikice. Yawancin ƙwayoyin daji a faranti ba sa mutuwa sai an kai nanomola gommai ko ɗaruruwa.

Duk wanda ya ga irin wannan sakamako mai daɗi da kowane magani, ya gwada shi a kan lafiyayyun ƙwayoyin mutum, ya kuma gwada shi a kan ƙwayoyin dajin ɓera. Idan na ɓera ba su ji komai ba, lafiyar dabbar ba shaida ba ce.

Malamai, me ya sa ƙwayoyin ɓera ke rikiɗa su zama daji cikin sauƙi a faranti, na mutum kuwa sai an sha wuya?

Babban dalili telomares ne. A ƙarshen kowane kuromosom akwai telomiya, jerin haruffan TTAGGG da ke maimaituwa, tana kare bakin zaren DNA kamar yadda dajiya ke hana tufa zarewa. Ana haifar mutum da telomiya mai tsawon haruffa dubu 10 zuwa 15, kuma duk rabuwar ƙwaya tana zaftare 50 zuwa 100 ko fiye. Telomares ne ke mayar da abin da ya zaftare, amma a yawancin ƙwayoyin jikin babban mutum an kulle shi. Shi ya sa ƙwayoyin mutum a faranti ke tsayawa bayan rabuwa kusan 50, abin da Leonard Hayflick ya bayyana a 1961. Ƙwayar da ke son zama daji dole ta fasa wannan katangar, kuma kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na sankarar mutane ta hanyar sake kunna telomares suke fasawa. A 2013 aka gano sauye-sauye biyu a makunnin TERT, ƙwayar gadon telomares, wato C228T da C250T, masu yawa a sankarar fata ta melanoma, da ta ƙwaƙwalwa ta giliyobilastoma, da ta mafitsara.

Ɓeran ɗakin gwaji ba shi da wannan katangar. Telomiyarsa kan kai haruffa dubu 40 zuwa 50, wasu fiye, telomares ɗinsa a kunne yake a sassan jiki da dama, ga shi shekara 2 zuwa 3 kawai yake yi a duniya. Da aka cire masa enzayim ɗin ɗungurum a 1997, zuriyoyin farko lafiya lau suka rayu, sai da aka yi ta haɗa su aure har zuriya ta 4 zuwa ta 6 kafin illa ta bayyana sosai.

A 1983 an nuna cewa ƙwayoyin gado biyu, Ras da Myc, sun isa su juya ƙwayoyin tayin Rattus su zama daji. Na mutum sai 1999 aka samu, kuma sai da aka haɗa TERT da Ras da ɓangaren ƙwayar cutar SV40 mai kashe p53 da Rb, furotin biyu masu hana daji. Har irin dajin ma ya bambanta. Ɓeran da ba shi da p53 limfoma da sakoma ya fi yi, manyan mutane kuwa sankarar shimfiɗar gaɓoɓi ce ke kama su, ta mama, hanji, huhu. A 2000 aka haɗa rashin p53 da gajeriyar telomiya a ɓera, sai ga irin sankarar mutane ta fito, da kuromosom a kakkarye a sake liƙe su barkatai kamar yadda ake gani a marasa lafiya. A ganinmu wannan na cikin gwaje-gwajen da suka fi bayyana dalilin da ya sa dajin tsufa yake da kamannin da yake da su.

Shawarwari uku ga mai aiki a kai. Idan ƙwayoyin tayin ɓera suka daina rabuwa bayan 'yan makonni a na'urar reno, ba telomiya ba ce, iskar oksijin ce ta kashi 20 cikin ɗari ke lalata musu DNA. A kashi 3 ba sa tsayawa, an nuna haka a 2003. Gwajin TRAP, mai auna aikin telomares, ba ya bambance telomares ɗin mutum da na ɓera, duka TTAGGG suke ɗorawa, don haka a ƙarin da aka dasa, wanda jijiyoyi da naman ɓera suka ratsa, sai a auna saƙon TERT da firaima ta mutum zalla, kuma a riƙa haɗawa da samfurin da aka dafa a digiri 85 na minti 10 don tantance sakamakon ƙarya. Mai gwada maganin toshe telomares kuma ya auna tsawon telomiyar ƙwayoyinsa tun farko, domin gwajin mako 3 a kan ƙwayoyi masu doguwar telomiya ba zai nuna komai ba ko da maganin na aiki.

An ce aflatoksin na haddasa sankarar hanta, amma mun ciyar da manyan ɓeraye shi wata da watanni ba mu ga ƙari ba.

Ba za ku gani ba, ɗan'uwa, kun zaɓi dabbar da Allah ya yi wa sulke. Aflatoksin B1, gubar da funfuna ke bari a hatsi da gyaɗa, sai ta shiga hanta CYP1A2 da CYP3A4, enzayim na dangin CYP mai sarrafa magunguna, su juya ta zuwa efoksaid, shi ne ke manne wa guwanin a DNA. Hantar babban ɓera ita ma tana yin efoksaid ɗin, amma tana da enzayim ɗin Gsta3 a tanade koyaushe, wanda ke ɗaure shi da gulutatayon kafin ya taɓa komai. Takwarorin wannan enzayim a hantar mutum da ƙyar suke iya wannan aikin. Da aka cire wa ɓeraye Gsta3, gubar da ta manne wa DNA ɗinsu ta ninka fiye da sau 100.

Hanyoyin da ke aiki su ne jariran ɓeraye 'yan kwanaki, waɗanda enzayim ɗin bai kankama a hantarsu ba, allura ɗaya kan isa ta haifar da ƙari daga baya. Ko ɓeraye marasa Gsta3. Ko Rattus, wanda gubar ke kamawa da sauƙi. Idan kuma tambarin da take bari a mutum kuke nema, wato canjin gurbi na 249 a TP53, ƙwayar gadon p53, da aka bayyana a 1991, ku sani jerin haruffan wurin ba ɗaya ba ne a ɓera.

Lamarin ya wuce aflatoksin. Mutum na da ƙwayoyin gadon CYP 57 masu aiki, ɓera na da 102. Inda mutum ke da CYP2D6 guda, wanda ke taimakawa wajen juya tamoksifen zuwa endoksifen, ɓera na da 9. Makunnin da ke ƙara yawan su, PXR, shi ma ba ya jin magana ɗaya: rifamfisin na kunna na mutum har ya rage imatinib a jini da kusan kashi 70 cikin ɗari, amma da ƙyar yake motsa na ɓera. Wanda ya gwada karon waɗannan magunguna biyu a ɓera na yau da kullum zai ce babu matsala, kuma zai yi kuskure mai haɗari.

Lenalidomaid na aiki a masu sankarar ɓargo ta miyeloma, to me ya sa ƙwayoyin miyeloma na ɓera ba sa jin sa ko kaɗan?

Amino asid guda ɗaya. Talidomaid da lenalidomaid suna zama ne a kan serebulon, wani ɓangare na enzayim ɗin da ke liƙa wa furotin alamar a kai shi shara. An gano hakan a 2010. Da maganin ya zauna, sai fuskar serebulon ta canza ta fara kamo furotin ɗin da ba nata ba: IKZF1 da IKZF3, waɗanda miyeloma ba ta rayuwa sai da su, da kuma CK1 alfa idan lenalidomaid ne. A gurbi na 388 mutum na da balin. A daidai wurin, gurbi na 391, ɓera na da aisolusin, wanda ya ɗan fi girma. Maganin na zama a kan serebulon ɗin ɓera lafiya lau, sai dai babu wurin da furotin ɗin da za a kamo zai tsaya. Tun 2018 akwai ɓerayen da aka mayar wa aisolusin ɗin balin, kuma a jikinsu maganin na narkar da IKZF1.

Wannan ya shafi masu ƙera sabbin magungunan narkar da furotin da ke hawa kan serebulon. Sau da yawa suna narkar da abin da aka nufa a ƙwayoyin ɓera, amma ɓarnar gefe, wato furotin ɗin da ba a nufa ba, ba ta fitowa a dabbar. Tarihi ya riga ya yi gargaɗi: tsakanin 1957 da 1961 talidomaid ya nakasa jarirai fiye da 10,000, alhali ɓeraye ba sa nuna nakasar gaɓoɓi da shi, zomo da biri ne ke nunawa.

Akwai kishiyar wannan labari. Wani magani, DMXAA, ya yi abin mamaki a ɓeraye, aka kai shi babban gwaji na masu sankarar huhu 1,299, aka dakatar a 2010 don bai ƙara komai ba. Sai a 2013 aka gane STING, furotin mai tayar da garkuwar jiki, na ɓera kawai yake kunnawa. STING ba enzayim ba ne, amma cGAS da ke gabansa enzayim ne, kuma shi ma haka: sinadarin RU.521 ya fi toshe na ɓera nesa ba kusa ba.

Yaya ake mayar da awon maganin ɓera zuwa na mutum? Muna amfani da maganin daji jemsitabin miligiram 100 a kowane kilo.

Lissafin faɗin jiki shi ne a ninka awon ɓera da 3 a sami miligiram a kowace murabba'in mita, ko a raba shi da 12.3 a sami na mutum a kowane kilo. Naku ya zama miligiram 300 a murabba'in mita, majiyyaci kuwa 1,000 ake ba shi. Amma wannan lissafin bai san enzayim ba. Jinin ɓera cike yake da sitidin diyamines, wanda ke juya jemsitabin zuwa dFdU marar amfani cikin mintuna, don haka a nan ma awon jini ne alƙali. Ku sa tetirahaidiroyuridin, mai toshe wannan enzayim, a kwalbar ɗibar jini, in ba haka ba maganin zai ƙare kafin ku auna. Ku kuma binciki ƙwayoyinku ko suna da maikofilasma, ƙwayar cutar da ke gurɓata ƙwayoyin faranti, domin Mycoplasma hyorhinis na da nata enzayim ɗin da ke cinye jemsitabin, ƙwayoyin su yi kamar sun bijire wa magani.

Masu aiki da magungunan hana folet, wani bitamin, su kula da abinci. Taimidin a jinin ɓera ya ninka na mutum kusan sau 10, sai ƙwayar daji ta tsotse shi ta kauce wa toshewar da aka yi wa taimidilet sintes, enzayim ɗin da ƙwaya ke ƙera nata da shi. Folet ɗinsa ma ya fi yawa saboda abincin keji. Lometereksol, ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, ya yi kamar ba shi da haɗari a ɓeraye, ya zo ya yi wa mutane mummunar illa. Da aka koma aka rage wa ɓerayen folet, gubarsa ta ninka kusan sau 1,000. Daga irin wannan darasi ne ake ba masu shan femetereksed folik asid kullum da allurar B12 duk mako 9. Ku rubuta sunan abincin ɓerayenku da yawan folet ɗinsa a rahoto. Abincin AIN-93G miligiram 2 ne a kilo.

Muna son gwada letorozol a kan MCF-7, ƙwayoyin sankarar mama na mutum, da aka dasa a ɓeraye mata.

A yadda kuka tsara, babu abin da maganin zai toshe. Letorozol na hana aromates ne, enzayim ɗin da ke juya androjin zuwa istirojin. Macen da ta daina al'ada a kitsen jikinta, har da na mama, take yin istirojin. Ɓera kusan a ma'ajiyar ƙwai da ƙwaƙwalwa kawai yake da aromates. MCF-7 kuma ba ta girma sai an dasa wa dabbar ƙwayar maganin istiradayol, wani nau'in istirojin, a ƙarƙashin fata, galibi miligiram 0.72 mai kwana 60, wato kun ba da abin da enzayim ɗin zai samar tun a shirye. Wannan awon ma kan jawo riƙewar fitsari da tsakuwar mafitsara, ku riƙa taɓa cikin dabbar, ku gwada 0.36 ko 0.18. Tsarin da ya dace shi ne MCF-7 da aka cusa wa aromates ɗin mutum, a ɓerayen da aka cire wa ma'ajiyar ƙwai, ana yi musu allurar andorostindayon maikurogiram 100 kullum.

Masu binciken furostet suna da makamanciyar matsala. Gilan ɗin adirinal na mutum na da CYP17A1 da yawa, yana ci gaba da zubo DHEA, wanda jiki ke juyawa zuwa androjin, ko bayan an tsayar da aikin maraina, shi ne abin da abirateron ke toshewa. Na ɓera kaɗan ƙwarai yake yi, don haka ɓeran da aka fiɗiye ba daidai yake da majiyyaci ba. Abu ɗaya mai amfani: ɓera ba shi da PSA, furotin ɗin furostet da ake aunawa a jini, duk wanda kuka auna a jininsa daga ƙarin ya fito.

Duk ɓeraye marasa garkuwa ɗaya ne? Namu na NSG suna mutuwa da doksorubisin.

Ba ɗaya ba ne. SCID da NSG sun rasa garkuwa ne saboda lalacewar Prkdc, enzayim ɗin da ke ɗinke DNA idan ya tsinke gida biyu, kuma kowace ƙwaya ta jikinsu ta rasa shi, har da hanji da ɓargo. Doksorubisin, etofosaid da haske mai ƙona daji duk tsinka DNA suke yi. NSG ba sa jure hasken fiye da kusan Gy 4 (Gy ne ma'aunin hasken), NRG kuwa, waɗanda Rag1 aka cire musu, kan kai 6.5. Ku koma NRG, ko ku fara da ƙaramin gwajin awo a ɓeraye 3 kowane rukuni, kuna auna nauyinsu kullum, ku tsaya idan ya ragu da kashi 20 cikin ɗari. Ko a masu garkuwa, zuriyar C57BL/6J ta rasa enzayim ɗin Nnt na maitokondiriya, C57BL/6N yana da shi, kada a gauraya su a gwaji ɗaya.

Kafin mu sayi ɓera ko ɗaya, wane gwaji za mu fara yi da sabon sinadarinmu?

Ku fara da jera amino asid na furotin ɗin da kuke hari, na mutum da na ɓera, ku dubi aljihun da sinadarin ke shiga, ba jimillar kamanni ba. Serebulon ya ishe ku misali. Sannan ku auna ƙarfinsa a kan enzayim ɗin dabbobin biyu a rana ɗaya da ruwan gwaji ɗaya.

Sai hanta. Maikurosom, wato ɓarɓashin ƙwayoyin hanta mai ɗauke da CYP, na mutum da na ɓera, miligiram 0.5 na furotin a mililita, sinadarin maikuromola 1, NADPH milimola 1, ruwan fosfet mai pH 7.4, digiri 37. Ku ɗiba a minti 0, 5, 15, 30 da 60, ku kashe aikin da asitonaitiril mai sanyi ninki 3. Kada ku tsaya ga saurin ɓacewarsa, ku nemi abin da ya koma, ku ga ko akwai wanda mutum ke yi ɓera ba ya yi. Idan UGT, dangin UGT1A1, kuke zargi sai kun ƙara UDPGA da alametisin, in ba haka ba zai yi shiru. Kwalba ɗaya ku bar ta babu NADPH. Idan sinadarin ya ragu a cikinta, ba CYP ke cin sa ba.

Maikurosom na da makanta guda da ta jawo asara: babu aldihaid oksides a cikinsa, a ruwan ƙwaya yake zaune. Mutum na da guda, AOX1, ɓera na da 4, hantar kare kuwa kusan babu. SGX523, maganin daji mai toshe furotin ɗin MET, ya wuce gwajin dabbobi ya shiga jikin mutane, AOX1 ya juya shi zuwa abin da ba ya narkewa, ya daskare a ƙoda, aka dakatar da gwajin. Da aka koma, biri ne ya nuna irin wannan daskarewar. Duk sinadarin da ke da zobe mai naitirojin irin na kwinolin, ku gwada shi a S9, wanda ya haɗa maikurosom da ruwan ƙwaya, ko a cikakkun ƙwayoyin hanta, da haidaralazin a kwalba ɗaya don toshe enzayim ɗin ku ga bambanci.

Idan sakamakon mutum da na ɓera suka yi hannun riga, akwai ɓerayen FRG masu hantar mutum, waɗanda aka fara bayyanawa a 2007. An cire musu Fah, don haka idan aka janye nitisinon, maganin da ke kare hantarsu, daga ruwan shansu ƙwayoyin hantarsu na mutuwa, na mutum da aka dasa su maye gurbi, wani lokaci har kashi 90 cikin ɗari. Ana gane yawan mayewar ta hanyar auna albumin ɗin mutum a jini, kuma ku nemi wannan adadin na kowace dabba kafin ku karɓa. Hanjinsu da ƙodarsu na ɓera ne har yanzu, ragowar ƙwayoyin hantar ɓeran kuma suna ci gaba da zubo Ces1c, don haka ko a cikinsu sai an sa maganin hana estares a kwalbar jini.